Daga kunun sukari zuwa kunun tsiro: matakan da na bi da wuraren da na yi tuntuɓe

Duk mai yin kunun zaƙi ta san matakin farko: a jiƙa gero, a kai markaɗe, a dama, a kwana, a tace, a zuba sukari. Shekara biyu ina yin haka a ƙauyenmu na gefen Wudil, ina sayarwa a gida da kuma ranar Juma'a da kasuwa ke ci. Abu biyu suka sa na nemi mataki na gaba. Sukari yana cinye ribar, kuma kunun ba ya fitowa iri ɗaya: yau ya yi daɗi, gobe ya yi tsami kamar an matsa tsamiya, jibi ya yi yauƙi. Abin da na rubuta a nan shi ne hanyar da na bi cikin wata biyar har na daidaita aikin, da tsarin da abubuwan suka zo, domin wadda ta riga ta iya damun farko kada ta ɓata hatsin da na ɓata.

Na fara da zuwa wurin gwaggona, wadda ta yi kunun tsiro tun kafin sukari ya cika gari. Ta ɗanɗana nawa ta ce, “'Yar nan, wannan ai ruwan gero ne da sukari. Zaƙin kunu a cikin hatsin yake, tsiro ne mabuɗinsa.” Na ce, “Gwaggo, ai ina saka tsiron kasuwa.” Ta ce in kawo mata shi ta gani. Da na kawo ta murza a tafin hannu, ta shinshina, ta nuna mini rabinsa bai ma tsira ba, sauran kuma yana warin danshi. Daga ranar na daina sayen tsiro. Abin da take nufi da mabuɗi shi ne, idan ƙwaya ta fara tsira tana samar da wasu sinadarai da ke narka sitacin da ke cikinta ya koma sukari don ciyar da ɗan tsiron. Mu kuma sai mu busar da ƙwayar a daidai wannan lokacin, mu ari sinadaran su yi mana aiki a cikin ƙullu. Ba dabarar ƙauye kaɗai ba ce. Lokacin da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje a 1988, sai kamfanonin lemon malt na ƙasar nan suka koma kan dawa, irin wadda ake lodi a kasuwar hatsi ta Dawanau.

Matakin farko shi ne zaɓen dawa, kuma a nan na yi asarar farko. Na sayi kwano uku na dawar da ta daɗe a rumbu, na jiƙa duka, kwana huɗu ina jira, abin da ya tsira bai kai rabi ba. Ragowar ta ruɓe ta ɓata wadda ta tsira. Yanzu ba na sayen dawar tsiro sai na gwada. Ina karɓar cikin tafin hannu, in ƙirga ƙwaya 100, in shimfiɗa a jiƙaƙƙen tsumma, in naɗe, in ajiye a inuwa kwana uku ina yayyafa ruwa. Idan 90 ko fiye suka tsira sai in koma in saya. Idan ba su kai 80 ba, ta tuwo ce. Kaura da farfara su ne suka fi ba ni sakamako. Jar dawa mai bauri tana ba da launi mai kyau, amma baurin nan yana danne sinadaran narka sitaci, zaƙin ba ya fita sosai. Dawar da ƙwari suka huda ba ta tsira. Wadda aka girbe makon jiya ma takan yi nawar tsira, gara a bar ta ta yi kamar wata biyu. Sai babban gargaɗi: irin shuka da aka cuɗa da magani, mai launin ja ko ruwan hoda, yana tsira da kyau fiye da kowace dawa, kuma guba ne. Haka wadda aka zuba wa maganin ƙwari a buhu. A tambayi mai hatsi kai tsaye, a kuma shinshina.

Jiƙo shi ne mataki na biyu. Kwanon da nake awo da shi kilo biyu da rabi yake ɗauka, duk ma'aunin da zan ambata a kansa yake. Ina wanke dawar sau uku, in kwashe duk abin da ya taso saman ruwa, domin ƙwayar da ta yi iyo fanko ce. Da farko nakan bar ta cikin ruwa ɗaya kwana da wuni, sai ta fito tana tsami, tsiron kuma ya yi rauni. Dalili shi ne ƙwayar tana da rai, tana numfashi, idan ta daɗe a nutse sai ta shaƙe. Tsarin da ya yi mini daidai shi ne awa takwas cikin ruwa, a tsiyaye a bar ta awa biyu a kwando ta sha iska, a sake sabon ruwa awa takwas, a sake tsiyayewa, sannan jiƙon ƙarshe na awa huɗu zuwa shida. Idan na fara bayan sallar asuba, washegari da hantsi an gama. Alamar ta ƙoshi ita ce farce ya iya raba ƙwayar ba tare da wahala ba, kuma a ga ɗan farin baki ya leƙo a gindinta. Gwaggo tana zuba ɗan tataccen ruwan toka a jiƙon farko, yana rage fumfuna da bauri. Ina yi da damina, da rani ba na damuwa.

Sai shimfiɗa. Buhun algarara nake amfani da shi, wankakke, a dafa shi a ruwan zafi a matse. Buhun leda ba ya shan ruwa kuma ba ya barin iska, a kansa na yi asara ta biyu: ƙasan ya yi zafi ya yi baƙi. Ana shimfiɗa buhu ɗaya a kan tabarma ko faifai masu faɗi a ɗaki mai inuwa, a baza dawar kaurin yatsu uku, a rufe da wani jiƙaƙƙen buhun. Safe da yamma a buɗe, a juya da hannu mai tsabta a hankali don kada saiwoyin su sarƙe su zama tabarma, a yayyafa ruwa, a rufe. Ruwan na yayyafi ne, kada ya kwanta a ƙasa. Idan aka sa hannu a tsakiya aka ji zafi ya wuce ɗumin jiki, a rage kaurin shimfiɗar. A watan Afrilu da Mayu kwana uku zuwa huɗu ya isa. Da hunturu, lokacin da sanyin Disamba da Janairu ya kama, takan kai kwana biyar ko shida, kuma iska tana busar da buhun da sauri, sai an ƙara yayyafi na rana. Ina tsayar da shi idan tsiron ya kai tsawon gaɓar yatsa ɗaya, kafin ya yi kore. Wanda aka bari ya yi ganye ya riga ya cinye abincin ƙwayar, nauyi ya tafi, sai ɗaci. Ƙamshin tsiro mai kyau kamar na sabuwar ciyawa ne ko kokwamba. Idan aka ga fumfuna, kore ko baƙa ko ruwan ɗorawa, a zubar da shi gaba ɗaya, kada a tsince a yi amfani da saura. Wasu nau'o'in fumfunar hatsi suna fitar da gubar da ke lalata hanta, kuma tafasa ba ta kashe ta.

Abin da ya fi ba ni tsoro da na fahimce shi shi ne batun saiwa da tsiron kansu. Kowane makiyayi ya san gyauron dawa yana kashe saniya ko akuya idan ta ci shi yana ɗanye. Gubar da ke cikin gyauron, wadda ake kira sayanayid, tana nan a ɗan tsiro da saiwar dawar da muka tsirar. Shi ya sa busarwa da murjewa ba kwalliya ba ne. Ana shanya tsiron a rana a kan tabarma mai tsabta, siriri, ana juyawa, kwana biyu zuwa uku, a kwashe da yamma saboda raɓa. Ya bushe idan aka ciza ƙwayar ta fashe da ƙara, cikinta fari kamar alli, da ɗan zaƙi a harshe. Kada a soya shi ko a shanya a kan kwanon rufi mai ƙuna, zafi mai yawa yana kashe sinadaran da ake wahalar dominsu. Bayan ya bushe a zuba a buhu a murza da ƙarfi, saiwoyi da tsirai su karye, a sheƙe, a bakace har sai ƙwaya zalla ta rage. Dusar da ta fita ba na ba dabbobi, a bola nake binne ta. Daga kwano ɗaya na dawa abin da ke dawowa bai cika kwano ba, kusan kashi ɗaya cikin biyar yana tafiya. A ajiye shi a bokiti mai murfi, kuma kada a niƙa sai ranar aiki. Daga jiƙo zuwa ajiya mako guda ne ko kwana takwas, don haka wadda ke sayarwa kullum dole ta riƙa ɗora sabo kafin tsoho ya ƙare.

Da tsiron ya samu na ɗauka an gama. Damu uku a jere kunun ya fito salam, ba zaƙi. Ina zuba tsiron ne a cikin damu yana tururi, wato ina dafa sinadaran da hannuna. Da na koma jiransa ya huce sosai, sai ya yi tsami kafin ya yi zaƙi. A nan ne na sayi ma'aunin zafi na girki, mai dogon tsinke na ƙarfe, a Kano. Kuɗinsa bai wuce na kwano biyu na gero ba, kuma a duk kayan da na saya shi ya fi biyan kansa. Ma'aunin zafin jiki na kemis ba ya yi, iyakarsa digiri 42. Lambobin da ake buƙata kaɗan ne. Sitacin dawa da gero ba ya buɗewa sai zafi ya haura digiri 70, shi ya sa ake sheƙa wa ƙullu tafasasshen ruwa. Sinadaran tsiro kuwa suna aiki mafi kyau tsakanin 60 da 70, idan aka kai 80 sun mutu. To ka ga matsalar: zafin da ke buɗe sitaci shi ne ke kashe mai narka shi. Dole a raba aikin biyu, a dafa tukuna, a huce, sannan a haɗa.

Ga yadda nake yi da kwano ɗaya na gero. Ina jiƙa shi da daddare, da safe in wanke in kai markaɗe tare da citta busasshiya kamar gaɓa shida, kanumfari cokali ɗaya, masoro rabin cokali. A gaya wa mai inji ya ɗauraye injin, domin ragowar markaɗen wake ko na tattasai da ya wuni a ciki yana iya lalata damu guda. Tsiro rabin kilo, wato kashi ɗaya cikin biyar na geron, a daka shi ko a niƙa ba laushi sosai ba. Busasshen dankalin Hausa rubu'in kilo, a daka daban. Dankalin ba don ƙara yawa ake saka shi ba. Tsiron dawa yana da ƙarfi wajen tsinka kauri amma yana da rauni wajen fitar da zaƙi, shi kuma dankali yana ɗauke da sinadarin da ke cike wannan giɓin. Wasu suna amfani da tsiron shinkafa mai ƙaiƙayi, yana aiki, amma na fi samun dawa cikin sauƙi.

Dabarar da ta canza mini kunun ita ce raba tsiron kansa. Ana zuba garin tsiro da na dankali a lita biyu da rabi na ruwan sanyi mai tsabta, a gauraya, a bari awa ɗaya. Garin zai kwanta a ƙasa, sinadaran kuma sun narke sun koma ruwan sama. A tsiyaye ruwan saman a hankali a ajiye a rufe, kamar lita biyu zai fito. Abin da ya kwanta a haɗa shi da ƙullun gero, domin shi ma sitaci ne da ke buƙatar dahuwa. Kafin a dama ina ɗebe ludayi biyu na ɗanyen ƙullu in ajiye gefe, amfaninsa yana zuwa. Sai a tafasa ruwa lita goma sha biyu, ya tafasa sosai yana bori, a sheƙa a kan ƙullun lokaci ɗaya ana juyawa da muciya. Idan bai yi kauri kamar koko ba, ruwan bai yi zafi ba ko ƙullun ya yi ruwa da yawa, sai a mayar kan wuta minti goma ana juyawa kada ya kama. Daga nan a sauke a riƙa juyawa ana duba ma'auni. Idan ya sauko 72 sai a zuba ruwan tsiron nan. Sanyinsa zai ja zafin ya dawo wajen 65. Cikin minti biyar za a ga abin mamaki: damun da muciya ke tsayawa a ciki ya tsinke ya koma ruwa. A rufe tukunyar, a naɗe ta da bargo ko buhunan algarara biyu, a bar ta awa biyu ba buɗe-buɗe. Da hunturu ina duba ta bayan awa ɗaya, idan ta faɗi ƙasa da 58 in ɗora a kan garwashi kaɗan ina juyawa har ta dawo 65.

Harshe yana gane zaƙi, amma akwai gwajin da ya fi shi gaskiya. Ruwan aidin na wanke ciwo da ake sayarwa a kemis, idan ya taɓa sitaci yana komawa shuɗi mai duhu. A tace cokali ɗaya na damun ta tsumma a kan farin faranti, ya huce, a ɗiga masa aidin ɗigo ɗaya. Baƙi-baƙi yana nufin aiki bai yi nisa ba, a ƙara rabin awa. Idan ya yi ja-ja ko ruwan ƙasa mai ɗan shunayya, ya isa. Ba a so sitacin ya ƙare ƙarƙaf, shi ne jikin kunun, in babu shi sai ya zama ruwan zaƙi kawai. Abin da aka ɗiga wa aidin a zubar, a wanke farantin, kada ya koma tukunya. Da wannan tsarin sukarin da nake sakawa ya ragu da fiye da rabi, masu son zaƙi sosai ne kawai nake ƙara wa.

Mataki na gaba shi ne tsami, kuma a nan ake buƙatar tsoron Allah da agogo. Ruwa mai zaƙi da ɗumi abinci ne ga halittu iri biyu da ido ba ya gani. Na farko ƙwayoyin da ke tsamar da nono ne, su muke so, su ne ke ba kunu ɗan tsamin nan mai daɗi, tsamin kuma yana hana miyagun ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Na biyu yis ne, wanda ke cin sukari ya fitar da iska da barasa. Masu tsami sun fi sauri a awannin farko, yis yana biyo baya. Duk aikin shi ne a ba na farko lokacinsu a tare na biyu kafin su kama. Bayan awa biyun nan ina buɗe tukunya in sanya ta cikin baho mai ruwan sanyi ina juyawa har ta sauko 40. Sannan in zuba ludayi biyun ɗanyen ƙullu da na ajiye, su ne irin tsamin, domin zafin damu ya kashe na ciki. A rufe. Lokacin zafi awa biyar zuwa shida, lokacin sanyi takwas zuwa goma. Daga awa ta huɗu ina ɗanɗanawa duk bayan awa da ludayi mai tsabta. Na gwada zuba ragowar kunun jiya a matsayin iri, yana saurin tsami, amma bayan zagaye uku sai kumfa ta fara yawa domin yis ma yana bin sa, na daina.

Na kai wannan batu wurin limaminmu, domin hankalina bai kwanta ba. Na ce, “Allah ya gafarta Malam, yaushe kunu ke fita daga halal?” Ya kawo mini hadisin Ibn Abbas da ke cikin Sahihu Muslim, cewa ana jiƙa wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi a ruwa, yana sha ranar da washegari har yammacin rana ta uku, abin da ya rage a ba wani ya sha ko a zubar. Ya ce abin lura shi ne kada ya kai ga sa maye, kuma a zafin ƙasarmu kada in tsaya ƙirga kwana, in dubi halin abin. Alamomin a bayyane suke: kumfa tana tasowa da kanta ba a motsa ba, ƙaramar ƙara kamar ta lemon kwalba, wari mai hawa hanci, gora ta kumbura ta yi tauri, murfi ya yi tsit idan an buɗe. Wanda ya kai haka zubarwa ake yi, ba a gyara shi da sukari, ƙarin sukari ma ƙara wa yis abinci ne.

Da tsamin ya kai yadda nake so sai tacewa da ƙyallen tata mai laushi, a ƙara tafasasshen ruwan da ya huce har ya kai lita goma sha bakwai ko sha takwas. Sai in mayar da shi kan wuta in kai shi digiri 75, in riƙe shi a nan minti goma sha biyar ina juyawa, domin a kashe yis da masu tsamin gaba ɗaya. Wadda ke yin tsohon tsari, mai barin kashi ɗaya cikin uku na ƙullu ɗanye, idan ta gwada wannan za ta samu koko, domin ɗanyen sitacin zai dahu ya yi kauri. Ni ma haka ya faru da ni karon farko. Tsarin dafa ƙullu duka shi ne ke ba da damar wannan ɗumamawar. Bayan an sauke a huce shi da sauri a bahon ruwa, a rufe.

Tsabtar kaya na bari sai nan domin ba a ganin amfaninta sai an kai wannan mataki. Yauƙin da ke addabata a baya daga tsohuwar robar damu ne mai karce a ciki da kuma ƙyallen tata da ba ya bushewa. Na canza zuwa tukunyar ƙarfe, muciya da ludayi na kunu kaɗai, ƙyalle kuma ana tafasa shi bayan kowane aiki a shanya a rana. Bokitai da mazurari ana wanke su da sabulu, sannan a jiƙa minti goma cikin ruwan bilic, babban cokali ɗaya a lita biyar, a ɗauraye da tafasasshen ruwa. Gorunan da yara ke tsintowa na daina karɓa, ba wanda ya san abin da aka zuba a cikinsu kafin su zo. Sababbin goruna masu murfin da ba a ɓalle ba sun fi tsada, sai na ƙara kuɗin a kan gora, masu saye ba su guje ni ba. Kada a ɗura kunu da zafi a gorar roba, tana lanƙwashewa. A bar wurin yatsu biyu a wuya. Ko da an yi duk wannan, kunu ba lemon kamfani ba ne. A cikin kula mai ƙanƙara yana kai kwana biyu lafiya, a waje kuwa na wuni ɗaya ne, abin da ya kwana ba ƙanƙara ba na sayar da shi.

Da na fara kai wa masu shaguna biyu a bakin titi, ɗayansu ya ce in nemo takardar lafiya. Na je sashen lafiya na ƙaramar hukuma da katin shaidar ɗan ƙasa da hoton fasfo biyu. Ranar farko jami'in ya fita aiki, na zauna daga hantsi har azahar na dawo hannu rabbana, gara a je da sassafe a farkon mako. Rana ta biyu aka ba ni takardar zuwa asibiti gwajin masu sana'ar abinci, aka karɓi jini da fitsari da bayan gida, aka ce in dawo bayan kwana uku. Kowane kuɗi na biya na nemi rasit, kuma na ga amfaninsa da aka tambaye ni shi a tebur na gaba. Bayan mako guda duba-gari ya zo gida. Gabana ya faɗi, na ɗauka neman laifi ya zo yi. Ya ce, “Malama, nuna mini inda kike ɗebo ruwa da inda kike shanya.” Ya dubi nisan wurin aiki da makewayi, ya ce in ɗaga shanyar tsiro daga ƙasa saboda kaji da awaki, in sa murfi a randa, in riƙa ɗaure kai da yanke farce. Gyaran bai ci komai ba sai gadon kara da maigida ya kafa mini.

Na kuma yi tambaya kan lambar NAFDAC. Ita hukumar tana rajistar abinci da abin sha da ake ɗurawa a rufe da suna, tana son a fara yin rajistar sunan sana'a a hukumar CAC, a ware ɗakin aiki daban da kicin ɗin gida, jami'anta su zo su duba, a gwada samfur a ɗakin bincike, takardar jikin gora kuma ta nuna kayan haɗi da ranar yi da ranar lalacewa da lambar rukuni. Na dakata a nan da gangan. Abin da ke lalacewa cikin kwana biyu, a garin da wutar lantarki ba ta da tabbas, bai kai a kashe masa wannan kuɗin ba tukuna. Garin tsiro busasshe, wanda ke yin watanni a rufe, shi ne ya fi dacewa da wannan hanyar, kuma tuni maƙwabta suka fara saye a wurina gwangwani-gwangwani.

Idan da zan sake farawa, da rubu'in kwano zan riƙa gwaji maimakon kwano guda, kuma da na sayi ma'aunin zafi kafin komai. Da kuma na fara rubutu tun ranar farko. Littafin makaranta mai shafi arba'in nake amfani da shi, kowane damu layi ɗaya: kwanan wata, irin dawar, kwanakin tsiro, zafin da na zuba ruwan tsiro, launin aidin, awannin tsami, sukarin da na ƙara. Ba na canza abu biyu a damu ɗaya, domin idan aka canza tsiro da lokacin tsami tare, kunun ya gyaru ko ya ɓaci, ba a san wanne ya jawo ba. Daga littafin ne na gane tsiron kwana huɗu ya fi na kwana uku zaƙi a wurina, kuma tsiron da ya haura wata uku a bokiti sai an ƙara yawansa. Gwajin da ke gabana yanzu shi ne tsiron gero da na maiwa. Ƙwayarsu ƙanana ce, jiƙon awa goma sha biyu ya ishe su, kuma shimfiɗar ba ta wuce kaurin yatsu biyu saboda saurin ɗaukar zafi.